Jirgin da Na Kai wa Baba Kutama

Na kusa shekara a ƙasar da aka ce mini teku ya kewaye ta kafin in ga ruwan da ya fi na bokiti. Ejan ɗin da ya yi mana hanya a Kano ya rantse mini da girman Allah aikin tashar jiragen ruwa zan yi a Dubai, har ya nuna mini hoton wani ƙaton jirgi a wayarsa, ya ce kusan a cikinsa zan riƙa kwana. Da muka sauka, wani mai tumbi ya tarye mu da sunan kamfani, ya karɓe fasfo ɗinmu ya zuba a leda, ya loda mu a mota. Muna tafiya benaye suna raguwa, motoci suna raguwa, har aka sauke mu a wata masana'antar bulo a tsakiyar yashi. Na tambayi direban ina tekun yake. Ya nuna mini wani gefe da leɓe, ya ja motarsa.

Ba son ruwa ne ya sa na damu da jirgi ba. Ni ɗan Kutama ne ta ƙasar Gwarzo, iyakar ruwana kududdufin bayan gari, shi ma sai damina ta yi albarka. Saboda Baba ne. Tun yana ɗan yaye iyayensa suka bar shi a hannun kakarsa, suka kama hanyar Makka a ƙasa yadda mutanen da suke yi. Bayan shekaru mahaifinsa ya dawo shi kaɗai. Mahaifiyar ta yi jinya a cikin jirgin katako mai tafiya da iska, ta rasu a tsakiyar Bahar Maliya, aka yi mata salla aka saka ta a ruwa. Kakanmu bai ƙara kalma ɗaya a kan haka ba har ya bar duniya. Baba bai san fuskar uwarsa ba, ba shi da kabarin da zai tsaya a kai, kuma bai taɓa ganin jirgin ruwa ba.

Da ya ji irin aikin da zan je yi, abu ɗaya ya roƙe ni. Ya ce, "Hamisu, ban ce agogo ba, ban ce darduma ba. Ka nemo mini irin jirgin nan in gan shi da idona. An ce gani ya kori ji, to ni ko jin ban samu sosai ba." A lokacin kuwa idon ya riga ya fara tafiya. Likita a Kano ya ce hawan jinin ido ne, abin da ya tafi ba ya dawowa, magani sai dai ya rage masa gudu. Da wannan na fita, ina tsere da idon tsoho, sai ga ni ina ɗaukar bulo a inda ko kwaɗo ba zai rayu ba.

Zaman masana'antar nan ba ni son tuna shi da yawa. Zafin Gwarzo na watan bazara wasa ne a kan nasu, don namu akwai inuwar darbejiya da randa mai sanyi. Albashin da ake ba mu bai kai abin da aka faɗa mana a Kano ba, wanda ya yi magana kuma a wayi gari an ɗauke shi zuwa wani sansanin. A ɗakinmu akwai mutanen Bangaladash, da na Nefal, da na Yuganda, kowa da yarensa da warin abincinsa. Na yi makonni ban yi magana mai tsawo da kowa ba, har na fara gaishe da kaina da safe in amsa. Rannan muna lodi sai bulo ya faɗo wa wani baƙin saurayi a ƙafa, na ji ya ce, "Kai! Wannan wace irin masifa ce, jama'a!" Na ajiye nawa bulon.

"Bawan Allah, daga ina?"

Ya dube ni yana riƙe da yatsa. "Gammo ta ƙasar Kabo. Kai fa?"

"Kutama."

"A'a! Mutanen tudu! Ina gajiya? Ina gida? Ya damina?"

Muka tsaya muna gaisawa, ina tambayarsa mutanen gida yana tambayata, kamar jiya muka baro su, har sai da shugaban aiki ya daka mana tsawa. Sunansa Iliya. Mahaifinsa mutumin Kagoro ne da ya zo koyarwa a firamaren Gammo ya zauna, a nan aka haifi Iliya, Hausarsa ta fi tawa gishiri. Kirista ne, amma da azumi ya zo shi yake ɓoye mini rabon abincinsa na rana in haɗa da nawa in sha ruwa. Ni ina ce masa Ɗan Malam, shi yana ce mini Na Kutama. Babban abin alfaharinsa a duniya shi ne ya taɓa shiga kwalekwale a dam ɗin Guzu-Guzu. A ganinsa wannan ya sa duk mutanen Kabo sun zama sarakunan ruwa, mu na Gwarzo kuwa ko wanka da tsoro muke yi.

Shi ya ba ni shawarar in nemo hoton jirgin a waya in tura gida. Na tura wa yayata Hansai, wadda take kula da Baba tun rasuwar mahaifiyarmu. Ta ce ya juya wayar sama, ya juya ƙasa, ya ce shi wani abu mai walƙiya kawai yake gani. Ta kai Gwarzo aka wanke hoton a takarda, ya ce wannan ai zanen gawayi ne. Ta ce mini gefe da gefen idon ya rufe, yanzu yana gani ne kamar mai leƙe ta cikin kara. Na gane hoto ba zai yi ba, sai abin da za a ajiye masa a gaba ya bi shi da ido a hankali daga wannan kai zuwa wancan.

Zango na biyu Ajman ne, wani gari a bakin teku. Kamfanin ya ba da aronmu, ni da Iliya, ga wani ɗakin sanyi a kasuwar kifi, kamar yadda ake ba da aron garma. A nan na fara ganin teku. Na ɗauka zan yi murna, sai tsoro ya kama ni. Ruwa ne babu ɗaya gefen, yana ta motsi ba wanda ya taɓa shi. Na tsaya ina tunanin wata mace 'yar ƙauyenmu da ba ta taɓa wuce Gwarzo ba, an kwantar da ita a kan wannan abin ba lafiya, ɗanta yana can baya. Ban san ta ba, amma ranar na yi mata kuka. Iliya, sarkin ruwa, ya ja da baya ya ce shi dai na Guzu-Guzu ya fi masa hankali.

A bakin kasuwar akwai wani tsoho baƙi mai farin gemu da yake sayar da shayi da kayan kamun kifi. Wata rana muna gardama ni da Iliya a kan ko gyaɗar Kabo ta kai ta Gwarzo mai, sai muka ji an ce, "Sannunku da rana, 'yan gida." Hausa ce, amma wata iri, kamar an daɗe da ajiye ta a ƙasan adaka. Sunansa Usman, kowa yana ce masa Ammu Usman, wato Baffa. Kakanninsa mutanen ƙasar Kano ne da suka kama hanyar Makka, guzuri ya ƙare a Sudan, suka tsaya noman auduga don su tara na gaba, ba su ƙara gaba ba kuma ba su koma baya ba. Shi bai taɓa taka Nijeriya ba. Ya zuba mana shayi ya ƙi karɓar komai, ladansa kawai mu riƙa ba shi labarin gida. Sai ya ce, "Ɗana, har yanzu ana kaɗa miyar kuka da maburgi? Kakata ta mutu tana zancenta."

Da na ba shi labarin Baba, ya shafa gemu. Ya ce irin jirgin da yake tsallakar da mutanenmu daga gaɓar Sudan a wancan zamani sunansa sambuk, yana yaro ya ga na ƙarshe-ƙarshensu. Na yanzu duk an sa musu inji an canza musu fasali. Amma ya san inda za a samu ƙarami.

Ranar hutu ya rufe shago ya kai mu wani kanti a Sharja, na wani Ba'indiye mai sayar da kayan wasan manya. Aka sauko mana da dogon kwali, a jikinsa hoton jirgi da ƙyallensa ya cika da iska, kyakkyawa kamar ka shiga. Na ba da abin da na daɗe ina tarawa ban ko yi ciniki ba. Muna komawa shago na buɗe. Babu jirgi. Wasu falankai ne sirara da aka zana wa layi, da damin tsinkaye kamar na tsintsiya, da ƙullin zare, da ɗan farin ƙyalle, da takarda mai zane-zane. Na ce an sake yi mini irin ta ejan, an nuna mini hoto an ba ni yashi. Na naɗe kwalin na miƙe zan koma in ci kwalar Ba'indiyen nan, Iliya yana naɗe hannun riga yana cewa yau sai sun san Kano ta zo. Ammu Usman ya yi dariya har shayi ya sarƙe shi.

"Ku zauna, 'ya'yana. Haka ake sayar da shi. Kai za ka haɗa da hannunka."

"Baffa, in sayi abu da kuɗina kuma in yi musu aikin?"

"Aikin shi suke sayarwa," in ji shi.

Har yau wannan magana tana ba ni dariya, amma gaskiya ya faɗa. A bayan shagonsa, tsakanin buhunan sukari da komar kamun kifi, ya share mana tebur. Aka fara da ƙashin baya, doguwar falankin da komai yake hawa kanta, sannan haƙarƙari ɗaya bayan ɗaya, kowanne da lambarsa. Nan ba wuya. Wuyar tana wajen rufe jikin da tsinkayen nan, don kowanne sai ya lanƙwasa ya bi cikin jirgin. Na farko na lanƙwasa ya karye, na biyu ma haka. Ammu Usman ya karɓe na ukun ya riƙe shi a bakin butar shayi, tururi ya dake shi, sai ga katako ya yi laushi yana bin hannu. Na tuna yadda Baba yake jiƙa tsumagiya kafin ya ɗaure jinka, na ji kunyar ban tuna da kaina ba. A shafa farin gam, a ɗora, a danne da abin maƙale shanya, a jira ya bushe. Wata rana tsinke biyu kawai za mu ɗora. Hannuwana da ƙanƙara ta farfasa ba sa riƙe ƙananan abubuwa, sai da hantsaki.

Cikin duk shekarun da na yi a waje, bayan shagon nan ne kaɗai wurin da nake kewa. Yanzu Baba ya rasu, lambar Ammu Usman ta daina shiga, Iliya sai mu yi wata da watanni ba mu ji juna ba. Amma in na ji ƙamshin shayi mai kanumfari, sai in gan mu a kan teburin nan, ina goga katako da sanfefa, Iliya yana lissafa abin da zai ci in ya koma, dambu da zogale, da ɗanyar gyaɗa dafaffiya, da fura mai tsami ta matan Fulanin bayan Gammo, tsohon kuma yana cewa a maimaita masa sunayen a hankali. Mu uku muna kewar wuri ɗaya, ɗayanmu bai ma taɓa ganinsa ba. Ban san ina jin daɗi ba a lokacin, don kullum hankalina yana kan wayar Hansai. Ta ce Baba ya daina karatu a Alƙur'aninsa, sai da ka. Daga baya ta ce in mutum yana bakin zaure ba ya gane shi sai ya yi magana.

Jikin jirgin ya kammala daidai lokacin da wa'adin aikina yake ƙarewa. Ya kai tsawon kamu guda, sumul, saura a shafa masa mai, a kafa sanda, a ɗaura zare da ƙyalle. Na lissafa zan gama kafin a sallame ni. Ranar da aka kira ni ofis don maganar fasfo, na bar shi a kan tebur na tafi. Aka zaunar da ni tun hantsi har la'asar. Ammu Usman ma ya tafi sarin kaya, ya bar wa Iliya shago.

Da na dawo ban ga jirgi a kan tebur ba. Yana cikin bahon da ake wanke kifi, cike da ruwa. Gam ɗin ya narke ya yi fari kamar an zuba nono, tsinkayen da muka yi watanni muna lanƙwasawa sun saki, sun miƙe, wasu suna yawo a saman ruwan. Iliya ya shigo da gudu daga wajen lodi yana murmushi, ya leƙa bahon, murmushin ya tsaya.

"Ɗan Malam, me ka yi?"

"Na Kutama, wallahi gyara na yi maka. A Guzu-Guzu in an sassaƙa sabon kwalekwale, sai an bar shi ya sha ruwa katakon ya kumbura ya toshe kafofi. Kowa ya san wannan. Na ce kada ka kai wa Baba jirgin da yake yoyo."

"Wa ya ce maka ruwa zai shiga? Na ajiyewa ne!"

"Jirgi ne fa," ya ce. "Jirgin da ba ya shiga ruwa ai akushi ne."

Ta faru ta ƙare, an yi wa mai dami ɗaya sata. Ban zage shi ba, don na san in na buɗe baki abin da zai fito ba zai koma ba. Na tsame tarkacen na shimfiɗa a kan buhu, na fita bakin teku na kira gida. Na ce wa Hansai ta ba Baba. Bayan mun gaisa, ya tambayi aiki, ya tambayi zafi, ya tambayi abokan zama, na faɗa masa komai. Na ce fasfo ya kusa fitowa, zan taho da abin da ya saura in ƙarasa a gida.

Ya ce, "A gida wa zai nuna maka? Tsohon nan da ya san jirgin yana can. Kada ka zo mini da itacen hura wuta, Hamisu. Ka tsaya ka gama."

"Baba, idon fa?"

"Idon na Allah ne. Tun ina yaye nake jira, ɗan abin da ya rage ba zai gagare ni ba. Shi kuma yaron nan na Gammo kada ka riƙe shi a zuciya. Gaskiyarsa ce, jirgi ai na ruwa ne. Ka gaishe shi."

Na koma na tarar da Iliya zaune a ƙasa yana goge tsinkayen ɗaya-ɗaya da gefen rigarsa. Na ce masa Baba yana gaishe shi. Ya rufe fuska da rigar.

In an sallami mutum aka soke masa biza a can, ana ba shi ɗan lokaci ya tattara ya fita. Wannan lokacin na cinye a bayan shago, ba aiki, ba gado, ina kwana a kan buhunan sukari. Rabin tsinkayen sun lalace. Ammu Usman ya je wajen masu gyaran jiragen katako ya roƙo guntayen da suka rage, wani kafinta ya fere mana su sirara bai karɓi ko sisi ba. Haka jirgin Baba ya samu katakon jirgin gaske a jikinsa. Iliya yana tashi daga aiki zai zo da abincinsa ya ajiye mini, ya ce ya ƙoshi, alhali ina jin cikinsa yana ƙugi. Shi ya ɗinke ƙyallen, don mahaifiyarsa tela ce, ya iya allura. Zaren ya fi komai cin rai, kowane da inda yake tashi da inda yake sauka, a ƙulla da hantsaki mutum yana riƙe numfashi. Tsohon yana tsaye a kanmu yana cewa a'a, sandar sambuk gaba take ɗan karkata, ba a tsaye take ƙiƙam ba.

A kwanakin nan wayar Hansai ta gajarce. In na tambayi Baba sai ta ce lafiya lau, yana gaishe ka. In na tambayi ido sai ta ce, "Sai dai ka zo." Na ji abin da ke cikin maganar, na ƙi saurara.

Ranar da muka gama, masu kifi suka taru suna kallo. Iliya ya haɗa wa jirgin akwati na roba mai kama da gilashi, ya ɗaure da kyau. Wajen sallama Ammu Usman ya riƙe hannuna ya ce in na samu mai zuwa in aiko masa da kuka da daddawa, ya ɗanɗana abin da kakarsa take faɗa. Na aika daga baya, ban sani ba ko ya same shi. Iliya ya raka ni har mota, ya ce in na bi ta Kabo in ɗaga wa garin hannu.

Tun daga nan na zama mai gadin akwati. A filin jirgin sama aka ce ya yi girma, sai dai a jefa shi cikin kaya. Na tsaya ina bayani da guntun Turanci da guntun Larabci har wata ma'aikaciya ta leƙo, ta dubi jirgin, ta dube ni, ta ce in wuce da shi. A Kano na shiga motar Gwarzo na ɗora shi a cinya. Kwandasta ya ce a sa a but tare da buhunan taki, na ce sai dai a sa ni tare da shi. Wata tsohuwa a gefena ta tambaya ko na tsafi ne, wani ya ce na yara ne, direba ya ce shi dai a ba shi ya ɗora a gaban mota. Duk wanda ya miƙo hannu sai in ce, "Don Allah kada a taɓa." Damina ce, dawa ta yi kore shar har ta rufe ƙauyuka, ƙasa tana ƙamshin ruwan jiya. Da muka wuce Kabo na ɗaga hannu kamar yadda aka sa ni. Daga Gwarzo na hau babur, ina roƙon yaron ya bi ramuka a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai.

Na isa Kutama bayan azahar. Kafin in sauke jaka gida ya cika. Baba yana zaune a kan buzunsa a ƙofar ɗaki, ya rame, amma hularsa tana nan a karkace yadda ya saba. Na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa da fara'a, ya tambayi hanya, ya tambayi mutanen can, ya sa mini albarka. Duk wannan yana kallon kafaɗata ne, ba fuskata ba. Na waiwayi Hansai. Ta sunkuyar da kai ta ce a hankali, ba a daɗe da wayar nan da na yi daga bakin teku ba idon ya rufe gaba ɗaya, shi ya hana a faɗa mini.

"Ka zo da shi?" in ji Baba.

"Na zo da shi, Baba."

"To ku fitar da ni haske, ko Allah zai sa."

Aka ja buzun zuwa tsakar gida inda rana take tsaye. Na ajiye akwatin a gabansa. Ya buɗe ido sosai, ya matso, ya karkata kai dama, ya karkata hagu. Can ya girgiza kai, ya miƙa hannu ya shafa robar.

"Wannan ai akwati ne."

Na kwance ɗaurin na cire murfin, na ɗora masa jirgin a cinya. Hannun Baba hannun fartanya ne, yatsu kamar rogo. Taɓawar farko zare biyu suka tsinke, ƙyallen ya saki gefe guda. Wani ya ce, "Ash!" Baba ya janye hannu da sauri kamar ya taɓa wuta.

"Na yi ɓarna ko?"

Ni da na hana duniya taɓa jirgin nan tun daga Ajman, na kama hannunsa na mayar. Na ce, "Naka ne, Baba. Taɓa ko'ina."

Ya fara daga gaba, ya bi jikin da tafin hannu har baya, ya dawo. Ya tambayi wannan sandar ta mece ce, na faɗa masa. Ya tambayi ta ina iska take turawa, na nuna masa da yatsansa. Zaruruwa suna ta tsinkewa, ban ƙara jin komai a raina ba. Sannan ya sa yatsu a cikin jirgin, yana lalube a hankali kamar mai neman abin da ya faɗi.

"Mutane a ina suke zama?"

"Nan, Baba. Inda hannunka yake."

"Ina ɗakin?"

"Babu ɗaki. Sai ɗan wurin matuƙi a baya."

"Har mata?"

"Har mata."

Yatsunsa suka yi ta kai da komo a filin nan da bai fi tafin hannunsa ba. Sannan ya ce, ba da ni yake ba, "Ashe a rana ta yi jinya."

Tunda nake ban taɓa ganin Baba ba hula a gaban mutane ba. Ya sa hannu ya cire ta, ya lalubo tsakiyar jirgin ya kifa a kai. Sandar ta yi ƙara ta karye a ƙarƙashinta, ba wanda ya motsa. Ya gyara hular da hannu biyu har ta rufe wurin ruf, ya ce, "Allah ya ji ƙanki, Inna."

Rana tana dukan furfurarsa, gumi yana gangaro masa ta bayan kunne. Hansai ta matso ta kama gefen buzun za ta mayar da shi inuwa.

Ya ce a bar shi tukuna.